Cire gashin fuska da allurar kuran: aikin allura daƙiƙa ne, jinyar fata mako

Tun 1875 likitoci suka san hanyar kashe saiwar gashi da siririyar allura mai ɗauke da wutar kuran, watau lantarki. Har yau ita ce hanyar da aka fi dogara da ita idan ana son raba mace da gashin haɓa ko na leɓe rabuwa ta har abada. Sai dai kowane gashi da aka cire yakan bar ƙaramin rauni, kuma abin da aka yi wa raunin nan cikin kwana 7 na farko shi ke yanke hukunci, ko fuska ta fita sumul ko ta fita da tabo.

A Maraɗi ko Damagaram, a Tawa ko Yamai, da wuya a sami unguwar da babu macen da ke ɓoye hantsaki cikin jakarta. Wata malamar makaranta ce, wata sakatariya a ma'aikatar gwamnati, wata kuwa ƴar kasuwa mai kai da kawowa tsakanin Kano da Kwatano. Kowace safiya, kafin ta fita, sai ta tsaya gaban madubi ta tsige ƴan gashin da suka tsiro mata a haɓa, ta bi wurin da hoda, ta ja mayafi. Mutane kuwa ba su rasa abin faɗi: wannan ya ce gemun mace alamar arziki ne, wancan ya ce alamar zafin hali. Likitoci sun ƙiyasta cewa cikin mata 100 masu shekarun haihuwa, 5 zuwa 10 suna da irin wannan gashi mai kauri a inda aka saba ganinsa ga maza. Malamai ma sun yi magana a kai tun da daɗewa. Imam Nawawi, a sharhin da ya yi wa Sahih Muslim, ya bayyana cewa idan gemu ko gashin baki ya fito wa mace ba a hana ta cire shi ba, an ma so ta cire.

Masu tafiye-tafiye zuwa Turai da ƙasashen Larabawa sukan dawo da labarin allurar da ke cire gashin ya tafi ke nan. Labarin gaskiya ne, amma rabinsa ake kawowa. Ɗaya rabin, wanda ya shafi jinyar fata, shi ne ya fi muhimmanci ga mai baƙar fata da ke zaune a ƙasar rana da ƙura.

Daga gashin ido aka faro

Asalin wannan aiki ba kwalliya ba ce. Dokta Charles Michel likitan ido ne a birnin Sen Luwi, ba na Senegal ba, na jihar Misuri ta Amurka. Abin da ya dame shi shi ne majinyatan da gashin idonsu ya lanƙwashe ciki yana gogar ƙwayar ido har ya kai ga makanta. A tsige shi, ya sake fitowa. Sai ya haɗa siririyar allura da batir, ya zura ta ramin gashin, ya ga saiwar ta mutu ba ta ƙara tohowa ba. A 1875 ya buga sakamakon aikinsa. Wannan ciwo ba baƙo ba ne a jihohin Damagaram da Maraɗi, inda amodari ya daɗe yana juya gashin idon tsofaffi, musamman mata. A yau dai hukumar lafiya ta duniya, OMS, ƙaramin aikin tiyata a fatar ido take shawarta ga masu wannan lalura.

Wani likitan fata na birnin, William Hardaway, shi ya ɗauki dabarar ya kai ta ga gashin fuskar mata. A 1924 Dokta Henri Bordier na birnin Liyon a Faransa ya kawo hanya ta biyu, mai aiki da zafi. A 1948 kuma Arthur Hinkel da Henri St. Pierre suka sami takardar mallakar wata na'ura a Amurka wadda ta gama hanyoyin biyu wuri guda. Waɗannan uku su ne ake aiki da su har yanzu, kuma a dunƙule ana kiran aikin elektiroliz.

Ƙuna ce, ko da ƙarama

Kaurin allurar bai wuce kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na milimita ba, kusan kaurin gashin kansa. Idan hannu ya ƙware, ba ta huda fata. Bin ramin da gashi ya fito take yi, ta gangara har gindinsa. A hanyar farko, kuran yakan juya ruwa da gishirin da ke cikin ramin su zama soda mai ƙuna, irin wadda ake dafa sabulu da ita, ita ce ke cinye saiwar. Wannan yakan ɗauki daƙiƙoƙi masu yawa, wani lokaci har minti guda ga gashi ɗaya. A hanya ta biyu, kuran mai saurin kaɗawa yakan dumama naman da ke kewaye da bakin allurar har ya dahu, cikin daƙiƙa ɗaya ko ƙasa da haka. Ta uku tana haɗa sodar da zafin. Bayan haka sai mai aikin ya kama gashin da hantsaki. Idan saiwar ta mutu, gashin yakan zame ba tare da an ja ba. Wadda ta ji ana fizgar gashinta ta san cewa tsigewa ake yi mata da tsada, kuma gashin zai dawo.

Ko ta soda ko ta zafi, abin da ya faru a gindin gashin ƙuna ce. Zama ɗaya yakan ɗauki minti 15 zuwa awa guda, kuma a awa guda ana iya taɓa ɗaruruwan gashi. Ashe wadda ta tashi daga kujerar nan tana ɗauke da ɗaruruwan ƙananan raunuka a wurin da bai fi tafin hannun yaro faɗi ba, kowanne da ƙofarsa a buɗe. Da wannan ido ya kamata ta dubi fuskarta idan ta isa gida.

Yadda fata ke ɗinke kanta

Da an gama, wurin yakan yi zafi ya kumbura, da ƴan tudu-tudu kamar cizon sauro. Ga mai hasken fata yakan yi ja. Ga baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, sai dai a ga wurin ya ƙara duhu, a taɓa a ji ɗumi. Wannan ba ɓaci ba ne. Jini ne ya kawo ɗauki, yana kwashe naman da ya mutu yana tsare wurin daga ƙwayoyin cuta. Galibi kumburin yakan sauka cikin awoyi kaɗan, a wasu ya kai kwana ɗaya ko biyu. Leɓen sama ya fi saurin kumbura, domin fatarsa ba ta da kauri.

Daga rana ta biyu zuwa ta uku, a wasu ramukan, ɗan ruwa mai launin zuma yakan tsattsafo ya bushe ya zama ɓawo kamar kan allura. Ɓawon nan murfi ne, a ƙarƙashinsa sabuwar fata ke tahowa daga gefe tana rufe ramin. A fuska, inda jini ke gudana da yawa, yakan faɗi da kansa cikin mako guda, a daɗe ya kai biyu. A ƙafa ko ƙirji ya fi haka jimawa. Bayan faɗuwarsa ma aiki bai ƙare ba, domin naman ciki yana ci gaba da shiryuwa makonni da watanni. Shi ya sa ba a yanke wa aikin hukunci da abin da madubi ya nuna a makon farko.

A nan ne yawancin ɓarna ke aukuwa. Ɓawon yana ƙaiƙayi, yana kuma damun ido, sai farce ya kai kansa. Wadda ta ɓamɓare shi kafin lokacinsa ta yage sabuwar fatar da ke ƙasa, ta mai da raunin ranarsa ta farko, ta kuma shigar masa da dauɗar farce. Daga nan ƙurji, daga ƙurji tabo. Hausawa sun riga sun faɗa: garin neman gira a rasa ido.

Abin da ya keɓanta ga baƙar fata

Launin fata daga wani sinadari ne da ake kira melanin. Ƙwayoyin da ke ƙera shi a baƙar fata masu saurin amsawa ne: duk abin da ya ɓata wa fata rai, ƙurji ne, ƙuna ce ko susa, sai su ƙara zuba launi a wurin. Abin da ya sa ƙurjin da ya warke cikin kwana 5 yakan bar baƙin ɗigo na wata 5 ke nan. Haka ramukan da allura ta shiga. Rana kuma tana ƙara iza waɗannan ƙwayoyi, ɗigon ya ƙara duhu ya ƙara daɗewa. Idan launin a saman fata ya tsaya, yakan dushe da kansa cikin wata 6 zuwa 12. Idan raunin ya yi zurfi har launin ya zube ƙasa, yana iya ɗaukar shekaru. Abin lura shi ne, matan da suka shekara suna tsigewa galibi sun riga sun tara irin wannan duhu a haɓa, kuma yakan soma washewa idan aka daina tsigar.

Haɗari na biyu shi ne tabo mai tudu, wanda ke girma ya wuce iyakar raunin da ya haife shi, likitoci na ce masa keloyid. Ya fi yawa ga baƙar fata, kuma muƙamuƙi, kunne, ƙirji da kafaɗa su ne wuraren da ya fi so. Wadda hujin kunne, tsagar wanzami ko allurar rigakafi ta taɓa bar mata irin wannan tudu, ko kuma akwai shi a danginta, wajibi ne ta ga likitan fata kafin a taɓa ta. Ga kowa ma, hikima ita ce a fara da ɗan gwaji a ƙarƙashin haɓa, inda ido ba ya kai wa, a jira makonni a ga yadda fatar ta amsa.

Duk da haka allurar tana da fifikon da hasken leza ba shi da shi. Leza, wadda ta bazu tun tsakiyar shekarun 1990, launi take bi. Idan fata da gashi duka baƙaƙe ne tana iya ƙona fatar, sai fa irin na'urar da ake kira Nd:YAG, wadda ta fi dacewa da baƙar fata. Furfura kuwa leza ba ta ganinta sam. Allura ba ruwanta da launi. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ita kaɗai ta yarda a kira cirewar dindindin. Leza ragewa mai ɗorewa aka yarda a ce tana yi.

Kwana biyu na farko

Dokar farko ita ce a ɗauke hannu. Idan taɓawa ta zama dole, a wanke hannu da sabulu tukuna. Don kumburi, a naɗe ƙanƙara cikin ƙyalle mai tsabta a ɗora minti 5 zuwa 10, a ɗaga, a sake idan da bukata. Ba a ɗora ta tsirara a kan fata. Wanke fuska ba laifi, alwala ma haka, matuƙar ruwan mai tsabta ne kuma ba mai zafi ba. A shafa a hankali, a tsane da ƙyalle mai laushi ta hanyar dannawa, kada a goge. Sabulu mara turare ya wadatar. Soso da sabulun salo su dakata.

Hoda, fankeke da jan baki su jira aƙalla awa 24, gara ma 48, domin ramukan ba su rufe ba, kuma soson hodar da ya yi wata cikin jaka matattarar ƙwayoyin cuta ne. Turare da duk man da ke da alkol suna ƙona sabon rauni. Zufa mai yawa ma tana jiƙa wurin ta kwaso masa dauɗa, saboda haka a nisanci aikin ƙarfi, tururin tukunyar tuwo, zafin murhu da turaren tsuguno. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma wadda ke da zaɓi gara ta sa a yi mata da yamma ta kwana a gida. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba. Wadda za ta hau kabu-kabu ta rufe wurin da mayafin auduga wankakke.

Akwai ƙananan abubuwa uku da ake mantawa, alhali kullum suna manne da haɓa da muƙamuƙi: bakin hijabi mai roba da ke matse wuya yana tara zufa, wayar salula da ake dannawa a kumatu, da rigar matashin kai. Na farko a sassauta shi a canza kullum, ta biyu a goge ta, ta uku a sa wankakkiya.

Makon ɓawo, da watannin rana

Idan ɓawo ya fito, aikin mai shi jira ne. In iskar hunturu ta busar da shi har yana tsagewa, ɗan basilin mara turare, shafa ɗaya siririya da hannu mai tsabta, yana tausasa shi. Masu aikin da yawa sukan ba da ruwan alobera tsantsa don sanyaya wurin. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne magungunan da maƙwabta ke bayarwa da kyakkyawar niyya: lemun tsami, man goge haƙori, toka, kanwa, tafarnuwa. Dukansu ƙuna suke ƙarawa kan ƙuna. Dilka, halawa, kurkum da sauran kayan gyaran jiki su kauce wa wurin har sai fatar ta koma daidai.

Rana kuwa, a kwana biyu zuwa uku na farko inuwa ce magani: laima, malafa, mayafi. Bayan haka sai man kare rana mai lamba 30 ko fiye, kowace safiya, a sake shafawa idan an yi alwala ko zufa ta wanke shi, har tsawon watannin da ake aikin. Ra'ayin cewa baƙar fata ba ta bukatar wannan mai kuskure ne a nan, domin ba ƙunar rana ake gudu ba, baƙin ɗigo ake gudu. Likitocin fata sun lura cewa irin man da aka sa wa launin ƙasa ya fi kare baƙar fata, saboda yana tare har da hasken da ido ke gani.

Man bilicin: mai kawo gashi, mai hana warkewa

Da ɗigo ya bayyana, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne man da ke haska fata. A nan ake faɗawa rami mafi zurfi. Yawancin ƙananan tub-tub da ake sayarwa a kasuwa don wannan bukata suna ɗauke da magunguna masu ƙarfi na dangin kortizon, kamar klobetazol da betametazon. Idan aka daɗe ana shafa su, sukan sirantar da fata, su kawo ƙuraje da nankarwa, su raunana garkuwar fata, su jinkirta warkewar rauni. Abin da mata da yawa ba su sani ba shi ne, su kansu suna tsirar da gashi a fuska. Sai ka ga mace tana biyan kuɗi a cire mata gashin da man da take shafawa kowane dare ke shukawa. Idrokinon, wanda ake haɗawa da su, idan aka shekara ana amfani da shi yakan bar wani duhu mai shuɗi-shuɗi wanda ke da wuyar magani. Saboda irin wannan ɓarna ƙasar Kodibuwa ta haramta waɗannan mayuka a 2015.

Wadda ke shafa su ta faɗa wa mai aikin gaskiya tun ranar farko, ta kuma nemi likita ya tsara mata yadda za ta daina, domin yankewa farat ɗaya bayan dogon amfani yana da tasa matsalar. Idan ɗigon ya ƙi tafiya bayan watanni, akwai magungunan da likitan fata ke rubutawa, da awo da wa'adi, bayan rauni ya rufe.

A ajiye hantsaki

Gashi ba ya girma gaba ɗaya. A kowane lokaci wasu suna tohowa, wasu sun tsaya, wasu ramukan kuma suna barci babu komi a cikinsu. Allura ba ta samun sai wanda ya fito, kuma ta fi cin wanda ke cikin girma. Shi ya sa gashin da aka gani bayan mako 3 a wurin da aka share, yawancinsa ba wanda aka kashe ba ne, maƙwabcinsa ne da ya farka. Da fari akan koma kowane mako ko mako biyu, sannan tazara ta riƙa faɗaɗa, kuma aikin fuska galibi yakan ɗauki shekara guda zuwa shekara guda da rabi. Ma'ana, jinyar da aka bayyana a sama za a maimaita ta sau da yawa. Ba a kuma mai da allura kan wurin da ɓawonsa bai faɗi ba.

Tsakanin zama da zama, tsigewa da halawa haramun ne a wannan aiki, domin suna ɓoye gashin daga allura makonni, su kuma ƙara wa fata rauni. Abin da aka yarda da shi almakashi ne, ko reza idan fata ta warke, a bar gashin kwana 2 ko 3 kafin ranar komawa don hantsakin mai aiki ya sami abin kamawa. Tsoron cewa aski na ƙara wa gashi kauri ba shi da tushe. Tun 1928 wata masaniyar ilimin jiki, Mildred Trotter, a wancan birni na Sen Luwi, ta auna ta nuna cewa aski ba ya canza kauri, launi ko saurin girman gashi. Bakinsa da aka datse ne ke sa a ji shi da kaushi.

Wannan lissafi ya shafi ƴar kasuwa ko ma'aikaciyar da ke tunanin gama komi cikin tafiyar kwana 10. Zama ɗaya ko biyu ba su raba ta da gashi, kuma matsa wa mai aiki ya share haɓa duka rana ɗaya da wuta mai ƙarfi hanya ce ta dawowa da tabo. Haka amarya da mai shirin salla: kada a kai fuska ga allura ana saura mako guda taro.

Inda laifin ba na mai fuska ba ne

Jinya komi kyanta ba ta gyara mugun aiki. Idan wuta ta yi yawa, ko allura ta tsaya sama-sama ta ƙona bakin rami, ko aka cunkushe ramuka masu maƙwabtaka a zama ɗaya, alamun sukan bayyana: fata ta yi fari fat a lokacin aikin, ɓawo manya su haɗe da juna, ruwa ya yi ta tsattsafowa kwanaki, daga baya a ga ƴan ramuka kamar na zanzana. Wadda ta ga haka ta dakata, ta faɗa, idan ba a gyara ba ta canza hannu. Ba banza ba Faransa, a wata doka ta 1962, ta keɓe wa likitoci duk wata hanyar cire gashi in ban da hantsaki da kakin zuma. A 2024 an sassauta dokar game da leza da na'urorin haske. A Amurka jihohi da yawa sai da horo da lasisi ake wannan sana'a.

Allura kuma dole ta zama sabuwa, a buɗe ta gaban mai ita, a jefar bayan an gama. Hantsaki a dafa shi cikin na'urar kashe ƙwayoyin cuta, mai aiki ya sa safar hannu. A yankin Afirka ta Yamma, inda ciwon hanta nau'in B ya yi yawa, ga kuma Sida, wannan ba abin jin kunyar tambaya ba ne.

Akwai alamun da ke cewa a tafi asibiti ba tare da jira ba: zafi da kumburin da ke ƙaruwa bayan kwana biyu maimakon raguwa, mugunya, ɓawo mai ruwan ɗorawa da ke yaɗuwa, ko zazzaɓi. Ƙurjin da ya fito tsakanin hanci da leɓen sama ba a matsa shi, domin jijiyoyin jinin wurin suna da hanya zuwa cikin kai. Wadda ƙurajen zazzaɓi kan fito wa a leɓe ta sani zafin allura yana iya tayar da su, kuma likita na iya ba ta maganin rigakafi kafin zama. Mai ciwon sukari, mai juna biyu, mai shan maganin tsinka jini ko maganin ƙurajen fuska mai ƙarfi da ake kira izotretinoyin, da mai na'urar daidaita bugun zuciya, duka sai da izinin likita. Gashin da ya tsiro kan tawadar Allah ma sai likita ya duba ta.

Maza ma suna zuwa, musamman sojoji, jandarmomi da sauran masu kaki da aiki ya tilasta wa aski kullum, waɗanda gashin wuyansu ke murɗewa ya koma cikin fata ya tara ƙuraje. Ƙa'idar jinya ɗaya ce, da ƙarin cewa reza ba ta hawa wurin sai ɓawo ya faɗi. Su kuma tuna cewa abin da allura ta cire ba ya dawowa.

A fara da tambayar dalili

Allura tana kashe gashin da ke akwai, ba ta hana jiki tayar da sabo. Ga yawancin matan da ke da wannan gashi, dalilin wata lalura ce ta gidan ƙwan haihuwa, wadda likitoci biyu na Shikago, Stein da Leventhal, suka bayyana a 1935. Tana sa sinadarin maza ya yi yawa a jikin mace, kuma takan zo da rikicewar haila, ƙuraje, ƙiba, jinkirin samun ciki, da haɗarin ciwon sukari daga baya. Tana shafar kimanin mace 1 cikin 10, da yawa ba su san suna da ita ba. Ga wasu gado ne kawai, ga wasu ɗaukewar haila, ga wasu magani ko man shafawa. Idan kuwa gashin ya taso da sauri cikin ƴan watanni, murya ta yi kauri, wannan na bukatar bincike da gaggawa. Wadda aka gano dalilinta aka yi mata magani, sabon gashi yakan ragu, zaman allura ya ragu, raunukan da fata za ta ɗinke su ma su ragu.

Saboda haka tsarin a bayyane yake. Likita tukuna, sannan gwaji a ƙarƙashin haɓa, sannan zama gajeru a hannun da ya ƙware. Abin da ya rage yana hannun mai fuskar, kuma kayan aikinsa ba su da tsada: ruwa mai tsabta, ƙyalle wankakke, inuwa, da man kare rana. Mafi wuya a cikinsu shi ne wanda ba a saye a farmasi. Macen da ta shekara 10 tana kai hannu haɓa kowace safiya, yanzu ana bukatar ta tsaya gaban madubin nan, ta ga ɓawon, ta bar shi ya faɗi da kansa.